Gyaɗa a Yashin Zauren Liman

Har gobe idan aka ce mini wane ya yi ilmi mai zurfi, sai in ce to Allah ya haɗa masa da wayon zama da mutane. Autanmu ya samu na farkon. Na biyun kuwa da ana kasa shi a kasuwar Rano da tuni na sayo masa.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da shi. Ni na goya shi, don haka ina da bakin yi masa faɗa. Ina aure a Rano, ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Shi kuwa boko ya ɗauke shi daga Kibiya zuwa Kano, daga nan sai ji muka yi ya haye ƙasar Turawa yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. Babanmu limamin unguwarmu ne a Kibiya tun ban san kaina ba. Ba masallacin Juma'a ba ne, ɗan ƙarami ne na salloli biyar, katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidanmu. Limancin nan ba albashi, ba komai, amma shi ne rayuwar Baba. Gona ƙanensa ke noma masa, mata ta rasu, 'ya'ya mun watse. In ka cire masa masallacin nan ban san me ya rage ba.

Lokacin an yi 'yan shekaru da ƙaddamar da Shari'a, kunnen kowa a tsaye yake. Kaset ɗin wa'azi a kowace rumfa, kuma ba abin da ake zagi kamar bokaye da masu duba. Wani mai bugun ƙasa a wajen Fassi, irin masu share yashi da tafin hannu su dangwala yatsa layi-layi su gaya maka gobenka, an ce sai da ya tattara komatsansa ya bar garin. A irin wannan zamanin ne Auta ya zo hutu, bayan an cire gyaɗa. Na kulle ɗakina na tafi Kibiya in yi musu girki.

Wata rana da hantsi Baba yana zaune a zaure bisa buzunsa, Auta na gefe, ni kuma ina bakin ƙofar ciki ina ɓare gyaɗa a faifai. Zauren namu yashi ne a shimfiɗe, mai laushi, Baba ba ya son siminti.

Baba ya ce, "Wai kai me kake yi ne a can? Mutane suna tambayata. In ce likita ne, ba ka yin allura. In ce injiniya ne, ba ka gina gada."

Wayyo, ashe tambayar da yaron nan ya daɗe yana jira ke nan. Fuskarsa ta washe. Ya ce akwai wasu irin ƙarafa da duwatsu masu halin ban mamaki, idan suka yi sanyi sosai wutar lantarki takan bi ta cikinsu ba ta raguwa, ba ta kuma zafafa su. Da za a gane sirrinsu a ƙera waya da su, da wutar da ta baro tasha za ta iso Kibiya ba ta zube a hanya ba. Na ce, "To ta fara barowa tukuna." Bai ko kalle ni ba. Ya ce matsalar ita ce 'yan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar a cikin ƙarfen sun yi ƙanƙanta, sun yi yawa, sun yi sauri, kowace tana ture 'yar'uwarta, har kwamfuta ta gaza lissafa su.

"To sai ku yi yaya?" in ji Baba.

"Sai mu nemo wakilai, Baba. Mukan ɗauki ƙwayoyin zarra, ƙananan ƙwayoyin nan da aka gina kowane abu da su, mu sa su a cikin wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska. Sai mu haska su da wani tsinin haske da ake kira leza ta kowane gefe har gudunsu ya ragu. Raguwar gudun nan shi ne sanyi. Sukan yi sanyin da ko a sararin sama babu irinsa."

Baba ya ce, "Haske kuma ya sanyaya abu? Mu da zafi muka san shi."

"Haka ne, amma wannan tare su yake yi. Da sun lafa sai mu gitta hasken, wani ya ratsa wani, ya zama ramuka a jere. Bari ka gani."

Ya durƙusa. Ya sa tafin hannu ya share yashi sumul. Ya ɗauki yatsa ya shiga dangwalawa, layi ɗaya, layi biyu, layi uku. Ya ce, "Yaya, miƙo mini gyaɗa." Ni kuma da hannuna na miƙa masa. Ya zuba ƙwaya ɗaya-ɗaya a ramukan, wani ramin ya bar shi wayam. Ya ce ƙwayoyin sukan yi tsalle daga rami zuwa rami kamar yadda na cikin ƙarfen suke yi, su kuma sai su ɗauki hotonsu. Amma da an ɗauki hoto shike nan sun watse, sai a sake sabo, kuma kowane karo zamansu daban yake fitowa. Sai an yi ta maimaitawa kafin amsa ta bayyana. Yana faɗa yana yi: ya kwashe gyaɗar, ya shafe yashin, ya sake dangwalawa, ya sake zubawa. Baba ya sunkuyo yana kallo, har ya cire tabarau ya goge.

Auta ya ce, "To da haka muke sanin abin da ya ɓoye mana."

"Salamu alaikum."

Na'ibin Baba ne, wanda ke jan salla in Baba ba ya nan. A gaban Baba ya sauke Alƙur'ani, daga baya ya tafi birni ya ƙaro karatu, ya dawo da ɗan gemu da gajeren wando. Ƙafarsa ɗaya a cikin zaure, ɗaya a waje. Bai kalli Baba ba, bai kalli Auta ba, yashin yake kallo. Na bi idonsa na kalla ni ma. Wallahi ko ni aka nuna wa na rantse bugun ƙasa ne. Ga shararren yashi, ga layuka, ga mutum durƙushe a kai, ga dattijo ya sunkuyo yana jiran amsa. Na'ibi ya gaisa a tsaitsaye, ya ce zai dawo, ya juya.

Na ce, "Auta, ka kashe mu."

Ya ce, "Me na yi?"

Bai gani ba! Mutumin da ya ce yana ɗaukar hoton abin da ido ba ya gani. Baba dai ya sa ƙafa ya shafe ramukan, ya tashi ya shiga ɗaki.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle na gidan liman. Washegari maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ita da ke da rariya har biyu. Ta tsaya tana 'yan kame-kame, can ta ce, "Ashe ɗan naku Turawa yake yi wa aiki da ƙasa? Ai an ce su ma yanzu sun gano." Na ce mata ta ɗauki rariya ta kama gabanta kafin in yi mata abin da za a ji mu. Kafin a kwana biyu labarin ya yi ƙafa. Wai Auta yana da aljanu a tukunya yana ajiye su cikin ƙanƙara. Wai liman da kansa ya ce a duba masa. Har wani ɗan siyasa da ke neman kansila ya aiko a asirce a tambaya ko Auta zai duba masa zaɓe. Wannan ya ba Auta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kamar in make shi.

Abin da ba na dariya ba shi ne sahu. Ladan, wani tsoho mai ƙaunar Baba, ya gaya mini ta bayan katanga cewa samari sun fara tafiya masallacin wata unguwa, suna cewa salla bayan mai zuwa wajen duba ba ta karɓuwa. Sahu uku ya koma ɗaya da rabi. Baba yakan dawo ya zauna, in ajiye masa tuwo, in zo in ɗauke shi yadda na ajiye. Na ji tsoro ƙwarai. Na taɓa ganin yadda tsoho ke lalacewa in aka raba shi da abin da yake tashi dominsa da asuba.

Na tsare Auta a madafa. Na ce, "Ka fita ka ce dara kake koya wa Baba."

"Dara a zauren liman? Yaya, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma ƙarya ce."

"To ka ce wasa kake yi."

"Ba wasa nake yi ba, aikina ne. Su zo in yi musu bayani, za su gane."

Na ce, "Bayanin naka ne ya kai mu nan."

Aka aiko cewa mai unguwa zai zo da dattawa bayan la'asar. Tun azahar nake yi wa Auta huɗuba. Ka ce aikin wutar lantarki kake yi, ka tsaya nan. Kada ka ce ɓoye, kada ka ce tukunya. Hannunka kuma ka cusa shi a aljihu, in ka taɓa yashin nan Allah ya isa goyon da na yi maka. Ya ce to, to, ya ji.

Suka zo. Mai unguwa, dattawa uku, ladan, da na'ibi. Na laɓe a bayan ƙyauren ciki, akwai wata tsaga da nake hango rabin zauren. Aka gaisa aka sake gaisawa. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Allah gafarta Malam, ba mun zo tuhuma ba ne. Magana ce ta yi yawa, muka ce gara a ji daga tushe."

Baba ya ce, "Ga shi nan, ku tambaye shi."

Auta ya fara da kyau. Ya ce aikin wutar lantarki ne, ana neman ƙarfen da ba ya ɓarnar wuta. Dattawa suka gyaɗa kai, wani har ya ce Allah ya sa albarka. Na fara sauke numfashi. Sai na'ibi ya ce yana da 'yar tambaya, cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa. In faɗi gaskiya, ban san ko limancin yake so ba ko tsoron Allah ne ya kama shi. Ina jin duka biyun ne, shi kansa bai san wanne ya fi yawa ba.

Ya ce, "Abubuwan nan da kuke sakawa a ramuka, kana ganinsu da idonka?"

"A'a, sai da na'ura."

"Kuna neman sanin abin da ba ku sani ba ta wurinsu?"

"E, haka ne."

"In kun jera su yau, kun jera gobe, iri ɗaya suke fitowa?"

Na dafe ƙirji. Ka ce e, ɗan nan, ka ce e mu huta.

Auta ya ce, "A'a. Kowane karo daban."

"To wa ke zaɓa wa kowace ramin da za ta faɗa?"

"Ba wanda ya sani kafin a duba. Ko mu ba mu sani ba. Abin da muke iya sani shi ne, in an yi da yawa, ina suka fi zama."

Wani dattijo ya ce a'uzubillahi a fili. Auta ya ga abin na neman ƙwacewa, ya ce, "Ba gaibu muke nema ba, Malam. Kamar manomi ne da ya samu sabon iri, ya gwada a kusurwar gona kafin ya shuka duka." Dattijon da ke kusa da ladan ya ce wannan kam gaskiya ne, ana yi. Na'ibi ya ce, "Manomi in ya shuka gero, gero ke fitowa. Bai taɓa cewa sai an duba ba." Sai na ga kafaɗar Auta ta motsa. Hannun nan ya fito daga aljihu. Ya ce, "Ku tsaya ku gani, abin ba wuya," ya sa tafi ya share yashi a gaban mai unguwa.

Mai unguwa ya janye ƙafafunsa kamar an zubo garwashi. Ban san sanda murya ta ƙwace mini ba. Na ce daga bayan ƙyaure, "Kai na'ibi, ka ji tsoron Allah! A zauren nan ka koyi alif. Ka taɓa ganin an yi duba a gidan nan? In limancin kake so ka fito ka faɗa!"

Ba na nadama, ko yau aka sake zan faɗa. Amma na san abin da suka ji: gidan liman, ɗa na buga ƙasa, 'ya na ɗaga murya a kan maza. Baba bai juyo ba. Ya ce, "Koma ciki." Na ja baya taku biyu na dawo.

Mai unguwa ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Ya ce, "Malam, ni na san ka, kowa ya san ka. Amma jama'a sai da abin da za a gaya musu. Abu mai sauƙi ne. In an idar da magariba ka tashi ka ce ba ka da hannu a aikin yaron nan, haramun ne, ka kuma hane shi. Shike nan, kowa ya dawo sahunsa, ka ci gaba da jan sallarka."

Dattawa suka ce wannan shi ne maslaha. Har na'ibi ya ce in an yi haka shi mai bi ne. Baba ya ce, "Na ji. Ku je ku yi alwala, rana ta yi ƙasa." Ya raka su ƙofa, na ga ya riƙe hannun ladan ya yi masa magana a kunne, ban ji me ya ce ba.

Da ya shigo tsakar gida na tare shi. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka faɗa. Magana ce kawai. Shi zai koma ƙasar Turawa, wa zai bi shi ya ga ko ya bari?"

Auta kuwa sai yanzu abin ya shige shi. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baba, ka faɗa ɗin. In ka ce in bari, wallahi na bari. In dawo in nemi koyarwa a sakandaren Rano."

Baba ya zauna a kan turmi ya jawo buta. Ya ce, "Tun ranar nan nake juya bayaninka, ban gane ba. Hasken da ke sanyaya abu ma har yanzu bai zauna mini ba. Na san ba duba ba ne, don na san duba, na kuma san ɗana. Amma ko mene ne shi, ban sani ba." Ya dube ni. "Ke kuma kina so in tsaya a gaban alƙibla in ce Allah ya haramta abin da ban san ko mene ne ba? Don a bar mini wuri?"

Na ce, "To ka ce halal ne mana!"

"Shi ma ban sani ba."

Haushi ya kama ni. Gaba kura baya sayaki, shi kuma yana wanke ƙafa a natse. Na ce, "To me za ka ce musu?" Ya ajiye buta. Ya ce wa Auta ya wuce masallaci kada ya rasa sahu. Ladan ya kira salla. Baba ya sa farar rigarsa, ya yafa mayafi, ya zauna a zaure da carbi.

Na tsaya a jikin katanga da ludayi a hannu, miya na tafasa ban kula ba. Ina jin takun mutane da yawa, fiye da na kullum. Duk waɗanda suka gudu sun dawo, kowa na so ya ji abin da liman zai ce. Aka ta da iƙama, can na ji fitar Baba daga zaure. Lasifika ta yi ƙara, aka yi kabbara.

Ba muryar Baba ba ce. Na'ibi ne ke karanta Fatiha. Ashe abin da Baba ya raɗa wa ladan ke nan, a ce masa ya shiga gaba, daga yau.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, na zagi na'ibi, na zagi boko, na zagi gyaɗar da na miƙa. Har aka sallame ban tashi ba. Auta ne ya fara shigowa, shi kaɗai, ya jingina da bango.

Na ce, "Ina Baba? A wane sahu ya tsaya?"

Ya ce, "Yaya, bai samu sahu ba."

"Kamar yaya bai samu ba?"

Ya ce ai liman shi ke zuwa ƙarshe. Sai sahu ya cika, an daidaita, sannan ya fito daga gida ya wuce gaba. Baba tunda yake bai taɓa sammakon neman wuri a masallacin nan ba, yau ma a lokacin da ya saba ya fita. Ya tarar an cika har bakin ƙofa, an riga an yi kabbara, ba mai waiwaye.

"Ni ina sahun farko," in ji Auta. "Sai da aka sallame na juyo na hango shi. A waje ya yi, Yaya. Ya ture takalman mutane gefe, ya shimfiɗa mayafinsa a wurin."